Yaya Memuna, wadda ta ce jirgi ma sai ya yi sallama

Shekara bakwai ke nan da aka ɗauki yayata Memuna daga gidanta na unguwar Nyohini a Tamale aka kai ta makwancinta. Ranar Juma'ar da ta wuce muka yi mata 'yar sadaka kamar yadda muka saba, masa da koko, aka raba wa maƙwabta. Mata suka zauna a tsakar gida ana ta tuna ta. Wata ta tuna ƙosanta, wata ta tuna yadda take dariya har sai ta riƙe ciki. Can sai wata budurwa da ba ta san ta sosai ba ta ce, "Ba ita ce matar nan da ta yi faɗa da jirgi ba?" Aka kwashe da dariya. Ni ban yi ba. Na koma gida da maganar a raina, shi ya sa na roƙi a ba ni wannan shafi in faɗi abin da ya faru yadda ya faru, tun kafin ya gama zama abin ba'a a bakin waɗanda ba su gani ba.

Mu biyu ne mata a ɗakin uwarmu. Kakanmu falke ne, fataucin goro ya kawo shi Tamale, ya sauke kaya bai sake ɗauka ba. Yaya ta girme ni da nisa, ita ta goye ni, ita ta koya mini ɗaurin kallabi. Sana'arta koko da ƙosai a bakin titi, ƙarƙashin wata dalbejiya. Tana ciniki da Hausa da Dagombanci, in ma'aikaci ɗan kudu ya tsaya da babur ɗinsa ta gaishe shi da Tonanci, yaren Ashanti, har ya washe baki. Ba mafaɗaciya ba ce. In mata biyu suka kaure a bakin famfo, ita ake kira. Ina faɗin wannan ne don wanda ya ji sunan da aka laƙaba mata kada ya zaci mace ce mai neman rigima.

Mijinta Issahaku, kowa Sajan yake ce masa. Badagombe ne, dogo, mai tsafta, wanda ba ya ɗaga murya. Yana soja aka tura shi aikin kwantar da rikici a wata ƙasa da ake yaƙi. Ya dawo da hannuwansa da ƙafafunsa cikakku, muka yi murna, muka yanka rago. Da ya bar aiki ya kama noman masara a Dungu da kiwon zabbi a bayan gida. Sahun farko yake a masallaci. Maza kan kawo masa rigimar iyakar gona ko ta gado ya sasanta, don an san ba ya son kai. Labarin yaƙi kuwa bai taɓa ba kowa ba. In samari suka matsa masa, sai ya tambaye su ko sun ci abinci.

Mu mutanen Tamale mun saba da jirgi. Na fasinja kan wuce, mu ɗaga kai mu ci gaba da abin da muke yi. Amma wata shekara, bayan an cire amfanin gona, sai jiragen yaƙi suka fara atisaye a kanmu. Har yau ban san ko na wane ne ba. Wasu sun ce namu ne, wasu sun ce baƙi ne suka zo koyon aiki tare da namu. Abin da na sani shi ne ba a ganin zuwansu. Kana zaune lafiya, sai ka ji kamar an kama sama an yage ta daga wannan gefe zuwa wancan, kafin ka ɗaga kai sun ɓace. Akwai kuma wata ƙarar daban, wadda ta fi wannan muni. Dum! kamar an harba igwa a bayan ɗakinka, wani lokaci sau biyu a jere. Kwanon rufi ya amsa, tagogi su yi rawa, ƙirjinka ya buga. Daga baya ne aka yi mana bayani cewa in gudun jirgi ya wuce gudun sauti, haka iska ke fashewa.

Yadda garin ya karɓi abin ya ba ni mamaki a lokacin, kuma har yanzu yana ba ni. Yara dai murna suke, su fito da gudu suna ihu suna nuna sama, ba wanda zai ga laifinsu. Samari a wurin shan shayi suka samu abin gardama, wane jirgi ne ya fi wane gudu. Dattawa suka ce ai ƙarar tsaro ce, ƙasar da ba ta da irin wannan ita ce abar tausayi. Wasu kuma suka rage murya suka ce maganar soja ba a sa mata baki. In mace ta zabura ta zubar da ruwan da ke kanta, sai a yi mata dariya, ita ma ta taya don kunya. Haka muka mayar da tsoro abin wasa, kowa na ɓoye nasa.

Wata safiya ina taya Yaya a gindin dalbejiya, layin masu koko ya yi tsawo, ƙosai na cikin mai, sai dum ɗin nan ya sauka. Ban ankara ba na ga ta saki matsami ta kama gudu zuwa gida, ko takalmi ba ta tsaya sa wa ba. Na roƙi wata maƙwabciya ta kula da wuta, na bi ta. Na tarar da ƙofar ɗaki a buɗe. Sajan na kwance a ƙasa tsakanin gado da bango, ya rufe kansa da hannu biyu, jikinsa duka na ɓari, yana kiran sunayen wasu maza da ban taɓa ji ba, yana ce musu su kwanta, su kwanta. Wandonsa ya jiƙe. Yaya ta zauna dirshan a ƙasa ta ɗora kansa a cinyarta, tana yi masa magana a hankali da Dagombanci, tana ce masa gida yake, Nyohini yake, ga zabbinsa can suna kuka. Ta daɗe tana maimaitawa kafin numfashinsa ya daidaita.

Da ta fito ɗibar ruwa ta same ni a tsaye a bakin ƙofa. Ta dube ni ta ce, "Fusena, idonki ne ya gani. Bakinki bai gani ba."

Ranar ce na san abin da take ɗauke da shi ita kaɗai tun da jiragen suka fara. Sajan ya daina cin abinci sosai. Ya daina zuwa masallaci azahar da la'asar, don tsoron kada abin ya same shi a sahu a gaban mutanen da ke kawo masa shari'a. Aka fara tambaya ko lafiya, Yaya ta ce ƙafa ce ke damunsa. Ta kai shi asibiti a ɓoye. Likita ya ba da magani, ya kuma gaya mata cewa ba ƙarar ce kaɗai ke kayar da shi ba, zuwanta ba zato ne. Ya ce in mutum ya san za a yi, ya shirya ransa, ya koma inda hankalinsa ke kwance, abin kan zo da sauƙi. Wannan maganar ta likita ita ce Yaya ta riƙe. Daga nan duk abin da ya biyo baya ya samo tushe.

Ta fara da magajiyar unguwa, shugabar mata. Magajiya ta saurare ta ta ce a yi haƙuri, lokaci ne, zai wuce. Ta je wurin asambuliman, wato kansilan unguwa, ya ce abin ya fi ƙarfinsa, shi kwalbati da fitilar titi ya sani. Ta je gaban sarkin unguwa ta durƙusa, ya ce zai duba. Da ta ga duban ya yi tsawo, sai ta hau mota ta tafi ƙofar bariki da kanta. Sojan da ke gadi bai wulaƙanta ta ba, amma ya ce ba a shiga sai da dalili a rubuce daga sama. Ta ce to za ta jira wanda ke sama ɗin ya fito. Ta shimfiɗa ɗankwalinta na biyu a inuwa ta zauna har rana ta karkata. Ta koma wani satin, ta sake komawa. Na raka ta wasu lokutan. Ba ta ihu, ba ta zagi. Duk motar da ta fito sai ta miƙe ta gaishe da na ciki, ta ce tana da magana a kan jirage.

Duk inda ta je abu guda take nema. Ba ta taɓa cewa a daina tashi ba. Cewa take a sanar da mutane kafin a yi, a faɗa a rediyo da harshen da tsohuwa za ta gane, kuma in da hali a ɗan yi nesa da rufin gidaje. Na sha jin ta tana cewa, "Ko liman zai shigo gidana sai ya yi sallama. Jirgi ya fi liman ne?"

Da labari ya bazu, mata suka fara zuwa wurinta, amma ta bayan gida. Wata ta ce jaririnta in ya firgita sai ya yini yana kuka ya ƙi kama nono. Wata ta ce surukarta makauniya ce, duk ranar da aka yi sai ta ce tashin duniya ne, ta ƙi sakin hannunta. Wata mai man kaɗanya ta buɗe zane ta nuna mata ƙuna a cinya, tukunya ce ta kuɓuce mata. Kowace in ta gama sai ta ce, "Don Allah Mma Memuna, kada ki ce ni na faɗa." A fili kuwa sai ba'a. Lokacin ne aka sa mata Mai-faɗa-da-jirgi. Samari in jirgi ya wuce sai su ce ga mutumin Mma Memuna nan ya zo gaisuwa. Kawunmu, ƙanin mahaifinmu, ya zo har gida ya ce ta rufa wa dangi asiri, mu jikokin baƙi ne a garin nan, kada ta ja a tuna mana.

Ta sunkuyar da kai har ya gama, sannan ta ce, "Kawu, a nan aka binne cibiyata, a nan aka binne uwata da ubana. In ni baƙuwa ce a Tamale, ban san inda nake 'yar gida ba. Kuma ko baƙo yana da kunne."

Kawu ya tashi bai sha ruwan da aka kawo masa ba.

Ban san ko nacinta ne ya gajiyar da su ba, ko kuwa wani ne a ciki ya ji tausayinta. Wata rana dai aka yi shela cewa wani hafsa zai zo ƙofar gidan sarkin unguwa ya yi wa jama'a bayani. Aka kafa rumfa bayan la'asar, maza a kan benci a gaba, mu mata a kan tabarmi a gefe. Hafsan saurayi ne mai ladabi, ya ma yi ƙoƙarin gaisuwa da Dagombanci, aka ji daɗi. Ya ce atisaye dole ne, matuƙin da bai koya da rana tsaka a gida ba ba zai iya ba ranar da ake bukatarsa. Gaskiya ya faɗa, kuma maza suka tafa. Har an fara shirin addu'ar tashi sai Yaya ta miƙe daga cikin mata. Ta gaishe da sarki, ta gaishe da malamai, ta gaishe da hafsa, sannan ta faɗi buƙatarta a taƙaice.

Wani attajirin unguwa mai shagon kayan gini, wanda ba zan kira sunansa ba tunda shi ma ya riga mu gidan gaskiya, ya juyo a kan benci ya ce, "Memuna, ƙara ce fa kawai. Wa ta kashe? Wa ta kwantar? Nuna mana mutum ɗaya tak a unguwar nan da ƙarar jirgi ta cuta, mu kuma mu bi bayanki."

Aka yi dariya. Na waiwaya na dubi matan da suka sha zuwa ta bayan gida. Kowace ta sa ido a kan tabarma. Na dubi Yaya. Amsar tana bakinta. Kalma ɗaya za ta faɗa ta rufe bakin kowa a wurin, amma kalmar mutuncin mijinta ce, kuma ba nata ba ne da za ta bayar.

Ta ce, "Ba zan kira sunan kowa ba."

Wani ya ce, "To zauna mana."

Ta ce, "Kuma ba zan zauna ba."

Haka ta tsaya, mace ɗaya a tsakiyar taro, hannunta a kan ƙirji, ana ta surutu a kanta. Sarki ya ɗaga hannu yana neman a yi shiru. A cikin wannan hayaniyar ne na ji murya daga can baya, wajen da masu babura suka jingina.

"Ni ne."

Sajan ne. Ba mu san ya fito ba. Ya sa farar batakarinsa, rigar saƙinsa ta Juma'a, ya ratsa mutane a hankali har ya zo ya tsaya kusa da matarsa. Bai dubi attajirin ba, sarki ya fuskanta.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, an ce a nuna mutum ɗaya. Ga ni. Ba ƙafa ce ta hana ni masallaci ba. In jirgin nan ya buga, ni ba na Tamale. Ina komawa wani rami da na taɓa kwana a ciki da mutum huɗu, na fito ni kaɗai. Ina shiga ƙarƙashin gado. Ina ɓata wandona kamar jariri, matar nan ce ke wankewa. Na sa kakin ƙasar nan, ban ji kunya ba. Wannan ma ba zan ji kunyarsa ba. Ba mu ce kada yaranmu su koyi aiki ba. Mun ce a gaya mana."

Mai man kaɗanya ce ta fara motsi. Ta miƙe ta ce ita ma tana da magana. Bayanta uwar jaririn, bayanta wani tsoho da ba mu taɓa zato ba, ya ce shi ma zuciyarsa kan yini tana bugawa. Hafsan ya tashi daga kujerarsa, ya ƙame a gaban Sajan ya sara masa, ya daɗe hannunsa bai sauka ba. Sannan ya ce ba zai yi mana ƙarya ba, ba shi da ikon hana jirgi tashi, wasu ma ba a ƙarƙashinsa suke ba, amma maganar sanarwa zai kai ta da bakinsa.

Da muka koma gida muka shiga zaure, Yaya ta juya ta fuskanci mijinta, hawaye na zuba, ta ce, "Sajan, wa ya aike ka? Duk ɓoyon da na yi?"

Ya ce, "Kin daɗe a tsaye ke kaɗai."

Hafsan ya cika alkawari. Ba da daɗewa ba muka fara jin sanarwa a rediyo, da Dagombanci da Hausa da Turanci, cewa gobe za a yi atisaye, kada jama'a su firgita. Ladanai suka riƙa maimaitawa a lasifika bayan sallar asuba. Ba kullum ake tunawa ba, akwai ranakun da aka sha mu ba shiri. Amma yawanci an sanar. In aka faɗa, Sajan kan hau kekensa da sassafe ya tafi gona Dungu, ya zauna a ƙarƙashin ɗorawa da carbinsa, ya ji ƙarar ta zo ta wuce yana sane da inda yake. Mai jariri ta goya ɗanta ta riƙe. Mai kaɗanya ta ɗaga aikin wuta zuwa yamma. Sajan ya koma sahun farko.

Ba zan ce abin ya zo kyauta ba. Dangin Sajan sun daɗe suna fushi da Yaya, suna cewa ita ta tsiraita ɗan'uwansu a bainar jama'a, ko da yake shi da bakinsa ya gaya musu ba ta san zai zo ba. Akwai mazan da suka daina kawo masa sulhu, wai mutumin da ke shiga ƙarƙashin gado ba zai raba musu gardama ba. Amma akwai kuma tsofaffin sojoji biyu daga wasu unguwanni da suka fara zuwa wurinsa da yamma, su zauna a zaure su daɗe. Yaya kan aika musu da tuwon zafi da miyar ayoyo, ta hana kowa leƙawa.

Hawan jini ne ya ɗauke ta. Ta faɗi a gindin dalbejiyarta tana kwashe ƙosai, ta yi 'yan kwanaki a asibiti, Allah ya karɓi abarsa. Mutanen da suka zo jana'iza sun cika layin har bakin titi, cikinsu har da waɗanda suka yi mata dariya. Ban riƙe su a rai ba. Ita ma ba ta riƙe ba.

Yanzu ga mu shekara bakwai bayanta, ina tambayar kaina me za ta ce da ta leƙo. Garin ya faɗaɗa, inda muka sani gonaki ne duk ya zama gidaje. An canja wa hafsan nan wurin aiki tun tuni. Sanarwar ta riƙa raguwa kamar ruwan famfo da rani, har ta ɗauke gaba ɗaya, ba wanda ya ce an soke ta, ba wanda ya ce me ya sa. Bana jiragen sun dawo. Yanzu in suka wuce, wayoyi ake ɗagawa a ɗauki hoto a tura wa abokai. Kowa kuma ya san labarin da ke zuwa daga ƙasashen da ke arewa da mu, na 'yan bindiga da ƙauyukan da aka tasa. Saboda haka duk wanda ya buɗe baki a kan ƙara sai a ce masa, ka fi son ƙarar jirginmu ko ta bindigar wasu? Na ji an faɗi haka a wani shirin rediyo ga wata mata da ta bugo waya tana kukan mahaifinta marar lafiya. Mai gabatarwa ya yi dariya ya katse ta.

Na san abin da Yaya za ta ce, don na ji ta tana amsa irin wannan tambayar tun ba a ƙawata ta haka ba. Za ta ce tambayar ba ta da gaskiya. Ba wanda ya ba mu zaɓi tsakanin tsaro da sanarwa, mu ne muke haɗa su don mu huta da magana. Sojan da ke koyon kare mu ba zai rasa komai ba don an gaya wa tsohuwa gobe ta zauna kusa da jikarta. Mu ma muna da 'ya'ya a cikin kakin nan, muna yi musu addu'a kowace safiya. Ni ɗan ƙanwar mijina yana ciki. Son su bai hana mu cewa kunnenmu na ciwo ba. Kuma ina so masu cewa ƙara ce kawai su lura da wani abu. Mai faɗin haka kusan kullum lafiyayye ne, mai ƙarfi, wanda ba ya jinyar kowa. Waɗanda abin ke kayarwa suna cikin ɗaka, ba sa zuwa wurin shan shayi, ba sa bugo waya a rediyo. Rashin jin muryarsu ba ya nufin sun yarda. Kunya ce ta rufe musu baki, kuma mu ne muka ɗora musu ita da dariyarmu.

In aka tambaye ni me ya rage na Yaya Memuna, ba zan nuna wata doka ba, don ba a rubuta ko ɗaya ba. Wurin sana'arta ma wani mai gyaran waya ne a ciki yanzu. Abin da ya rage ƙarami ne, amma ina ganinsa. A layinmu na Nyohini, in dum ɗin nan ya sauka, ba a yi wa wanda ya zabura dariya. Mata kan ajiye abin da ke hannunsu su leƙa ɗakin tsofaffi da na masu jego su ce, lafiya dai ko? Ba wanda ya umarce su. Sun ga wata mace ta tsaya a gaban maza ta ƙi zama, ta kuma ƙi sayar da sirrin mijinta don ta ci gardama, abin ya zauna musu. Ni kuma ta bar mini rashin iya yin shiru, wanda a da ba halina ba ne.

Sajan yana nan da ransa. Ya tsufa ƙwarai, yana Kasalgu wurin 'yarsu Rahi. Gona ta gagare shi, keke ma haka. Bana abin ya same shi ba shiri, kuma babu cinyar da ya saba ɗora kai. Rahi ce ta same shi a bayan ƙofa. Da zan yi wannan rubutu na je na durƙusa a gabansa na ce ina neman izini, in ya so zan sauya masa suna, in ce wani mutum ne a wata unguwa.

Ya ce, "Fusena, na faɗa a gaban sarki da bakina. Yanzu da na kusa kabari ne zan ɓuya? Sa sunana."

Sannan ya tambaye ni ko sarkin unguwa na yanzu, ɗan wancan, yana zama a ƙofar gida ranar Litinin kamar ubansa. Na ce yana zama. Ya ce to zai je ya nemi a dawo da sanarwa, a gaya wa Rahi ta wanke masa riga, a kuma nemo masa keken hayan nan da muke kira yelo-yelo, don ƙafarsa ba za ta kai shi ba. Na ce ko mu bari ya ƙara jin ƙarfi. Ya ce ƙarfin da ya rage masa ke nan, gara a yi amfani da shi tun yana nan.

Na riga na yi magana da mai keken. Matan layinmu shida sun ce za su zo, kuma wannan karon ta ƙofar gaba. Wanda duk yake da tsoho ko jariri ko majinyaci a ɗaka, ya san inda zai same mu ranar Litinin bayan la'asar. Allah ya jiƙan Yaya Memuna, ya sa ta huta inda babu abin da zai firgita ta.